Jikan Mai Gadin Ayari

Ranar Alhamis da hantsi, cikin hutun Disamba na 2006, Umar Faruƙ ya faɗa komisariya, ofishin 'yan sanda, yana haki. Shi ne mai koya wa yara da iyayensu harbin kwari da baka a sansanin hutu na Madam Zulfa, can bayan Wemtenga.

Ya gaya wa Sufeto Mani an kwashe kibau ashirin daga mangaza, ɗakin ajiyar sansanin, ga gasar iyaye da 'ya'ya jibi Asabar. Madam kuwa, kun dai san bakinta, ta rantse shi ya sayar, in ba su fito ba ya nemi wani aikin. Matarsa Nafisa na gida da cikin wata takwas.

Sufeto ya ɗora shi a bayan mobilet suka nufi sansanin. Kwaɗon mangaza lafiyarsa lau. Rabo mai gadi ya rantse ko fitsari bai tashi yi ba tun Litinin. Yana rantsuwar, aljihunsa na tsiyayar da farin goro manya-manya, irin wanda Rabo ba ya gani sai a ɗaurin auren masu hali.

"Wa ya ba ka wannan?"

"Wani Alhaji ne, ranka ya daɗe. Ran Talata da azahar ya aike ni sayen zom-kom, ruwan garin geron nan, ya riƙe mini makullai kada su yi mini nauyi."

"Yaya kamanninsa?"

"Ban ga fuskarsa ba."

"Ka ba mutum makulli ba ka ga fuskarsa ba?"

"Goron nake kallo, ranka ya daɗe."

To, a Zongo in ka ce Alhaji mai goro, ba ka ce komai ba. Guda bakwai ne a rajistar sansanin.

Da suka koma komisariya suka tarar da Habi mai ƙosai ta cika ofis da magana. Kwana biyu ke nan, in ji ta, maƙiya sun sa ta gaba da asiri. Randarta ta fashe, zanenta na biki ya huje a kan igiya, zakaranta ya wayi gari ba wutsiya. Har malami ta kira ya yi mata tofi a kusurwa huɗu. Ta kwance wani tsumma da hannun hagu tana kau da kai. Ga abin asirin nan: kibiyar yara, mai gashin roba ruwan hoda.

Sufeto ya tambaye ta da wa suka haɗa katanga. Ta ce Alhaji Sharu.

Wanda bai san Sharu ba bai taɓa zama a tebur ɗin mai shayi ba. Kullum labarinsa ɗaya: kakansa ne ke gadin ayarin goro daga Gwanja, kibiya guda 'yan fashi uku. Shi ya fara sa sunansa a gasar, shi da autarsa Shifa 'yar shekara shida. Amma duk ranar darasi sai ya naɗe hannu, wai in ya harba yara za su karaya. Shifa kuwa tana ta huda tsakiya.

Da suka isa gidan Sharu, matarsa Ƙaltume ta tare su a zaure ta ce Alhaji ya tafi Bobo tun jiya. Ba ta rufe baki ba aka ji ƙwal a kan kwanon rufi, akuya ta fito a guje ta bi ta tsakanin ƙafafun Sufeto.

A filin da ke bayan ɗakuna suka same shi da babbar riga, hannu biyu a baya. Sufeto ya miƙa masa hannu su gaisa, ya kama damtsensa na hagu, Alhaji ya yi tsalle. Aka naɗe hannun riga: daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu ya yi jina-jina da dukan tsarkiya. A jikin katanga kuma ga buhu a rataye an zana masa da'ira da gawayi, ko huji ɗaya babu.

"Alhaji, ina kibau?"

"Goma sha ɗaya na ƙarƙashin gado."

"Sauran fa?"

"Sai a tambayi maƙwabta."

Ya zauna a kan turmi ya faɗi komai. Aro ya yi, in ji shi, don ya koya a ɓoye kafin Asabar, har da bakan wani maharbi ya samo a Gounghin. Kakan ma, Allah ya ji ƙansa, jakuna yake kora.

Kafin la'asar an tattaro kibau daga gida shida da bishiyar mangwaron liman. Madam Zulfa ta kira Umar Faruƙ ta ce ita dama ta san ɗan kirki ne.

Ana fita da Sharu, rabin Zongo na bakin ƙofa, ya matso kusa da kunnen Sufeto.

"Alfarma ɗaya, ranka ya daɗe. Ku riƙe ni sai Lahadi."

"Wannan laifin kwana biyu ne, Alhaji. Asabar da safe ni da kaina zan kai ka filin."