Burtalin Da Ya Ɓace A Taswira

Ranar da Raihana ta fara ganin Abdulhadi, haushi ya ba ta. Ya zo daga Dutsin-Ma ofishin ƙungiyar manoma ta Kurfi, inda take aikin kwamfuta, yana tallar wata manhaja da ya haɗa. Kana ce wa AI, wato basirar kwamfuta, ta fitar maka da taswirar gonakin unguwa kaza, sai ta karanta takardar bayanin manhajar, ta bi abin da aka rubuta, ta miƙo maka fayil. Raihana aka ɗora wa duba takardar ta ba ta maki kafin ƙungiya ta saya.

"Malam, wannan bayani ai ya yi kaɗan," in ji ta.

Ya yi murmushi. "Sauran kowa ya san shi, Malama."

Murmushin nan ne ya cuce ta. Kafin wata uku ya zama Yaya Abdul, ita kuma Hanata, har manyansa sun je ƙauyensu Ɗantutture gaisuwa wurin mahaifinta, Malam Sabi'u liman. Duba takarda kuwa kullum sai gobe.

Shugaban ƙungiya ya gaji da jira, ya yi amfani da manhajar ya fitar da taswirar Ɗantutture da kansa, ya liƙa a bango ranar taro. Aka duba, babu burtalin shanu. Gonar Malam ta haɗiye shi ɗungurungum. Mutumin da ya shekara ashirin yana wa'azi kan masu cin burtali, ga shi ana nuna shi da baki a kasuwa.

"Kada yaron nan ya sake tako mini ƙofar gida," in ji Malam.

Raihana ta zauna ta yi aikin da ya kamata ta yi tun farko, ranta na tafasa. Ashe manhajar ba ta fitar da hanya ko burtali sai an nema, kuma babu inda takardar ta faɗi haka. Babu misali, babu gargaɗi. Ta ba Abdulhadi biyu cikin goma, ta sa hannu.

Saƙonsa ya shigo da la'asar: "Biyu, Hanata? Ni za ki tozarta? Ko yaron goye a Kurfi ya san akwai burtali a wurin."

Ta mayar masa: "AI ba 'yar Kurfi ba ce, abin da ka rubuta kawai ta sani. Ganda ka yi, ni kuma son ka ya rufe mini ido na ƙyale ka. Mutuncin ubana muka zubar, kai kuma maki ne ya dame ka. Kada ka sake kira na Hanata."

Kwana goma sha biyu babu wanda ya nemi wani. Ta yi kuka, ta share, ta ƙara jin haushi.

Ranar Juma'a bayan an idar da salla, Abdulhadi ya miƙe a ƙofar masallacin Ɗantutture. Ya ce Malam bai taɓa ko taku ɗaya na burtali ba, laifin nasa ne shi Abdulhadi, da ya rubuta bayanin manhajar rabi da rabi. Sannan ya kawo sabuwar takarda, shafi tara.

Malam ya sa aka kira Raihana zaure, ta gwada a gabansa. Ba ta ko kalli Abdulhadi ba. Ta ba AI takardar, ta nemi taswirar, sai ga burtali ya fito tun daga bakin rafi har bayan gari.

"Nawa kika ba shi?" Malam ya tambaya.

"Shida, Baba. Har yanzu bai faɗi abin da za a yi idan fayil ya ƙi buɗewa ba."

Abdulhadi ya ce, "Zan gyara, Raihana."

Malam ya dubi Abdulhadi. "Wadda ba ta ƙara maka maki don so ba, ba za ta munafunce ka a ɗaki ba. Ka sake turo manyanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure a masallacin nan, Malam da kansa ya ɗaga hannu ya yi musu addu'a. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari.