Zanen Sunan Da Ba A Ɗaura Ba

Salamatu na tsakar gida tana goge yunifom ɗinta na makarantar 'yan mata, sai Inna Tasalla, uwar saurayinta Labaran, ta faɗo ko sallamar kirki babu.

"Da wannan za ki gaban Baturiya gobe? Riga iya gwiwa, kai ba lulluɓi?"

"Inna, ita kaɗai gare ni mai kyau. Baturiyar nan, Sistar asibiti, ita ce za ta zaɓi yarinyar da za a koya wa aikin ungozoma..."

"Ke ma ki zaɓa. Ran da kika ratsa Tudun Wada ƙwauri a waje, ran nan Labaran ya fasa."

Salamatu ta sha kuka har ta gode Allah. Tana son Labaran, aikin nan kuwa ta ci masa buri, don wurin haihuwarta uwarta Safara'u ta rasu. Da yamma Labaran ya zo zaure, sai sosa ƙeya yake. "Ki yi haƙuri, ba ni fasawa. Amma kin san Inna." Namiji ke nan a gaban uwarsa.

Bayan tafiyarsa, Gwaggo Asabe, wadda ta reni Salamatu, ta yi ƙasa da murya ta ce mata: "Akwai adudun uwarki a ƙuryar ɗaki. Zanen da za ta ɗaura ran sunanki na ciki. Ni dai ban taɓa buɗewa ba, kuma ba zan fara yau ba."

Washegari da hantsi Salamatu ta buɗe adudun. Baƙin saƙi ne da mayafinsa, bugun shuninsa yana ta ƙyalli, babu ko cin asu. Ƙanshin turaren wuta ya cika ɗakin kamar jiya aka ninke shi. Tsigar jikinta ta tashi, amma ta yi bismilla ta ɗaura.

A hanya abin ya ƙara ba ta tsoro. Tsofaffin da ke sussuka suka tsaya cak, taɓare a sama. Wata ta yi salati ta kau da kai. Ita kuma sai ta riƙa jin takun mutum a bayanta, daidai da nata, in ta waiga ba kowa.

A asibiti ta tarar da 'yan mata sun sha riguna irin na birni. Kusa da Baturiya akwai tsohuwar ungozomar gari da aka kira ta taya zaɓe. Tsohuwar ta ƙura wa Salamatu ido, sannan ta ce wa tafinta, "Gaya mata ta ɗauki waccan. Matan kulle ba sa buɗe wa baƙuwar shiga ƙofa. Wannan ko za su shimfiɗa mata tabarma." Baturiya ta yi mata tambayoyi, ta amsa, aka ɗauke ta.

Tana fitowa ta ga Inna Tasalla a gindin tsamiya, ta zo ganin ƙwaurin da za ta kafa hujja da shi. Suna haɗa ido ƙwaryar da ke hannun Tasalla ta suɓuce.

"Safara'u..."

"Ni ce, Inna. Salamatu."

Tasalla ta kama gefen zanen, shuni ya ɓata mata yatsu. "Ni na kaɗa zaren nan. Ƙawata ce. Na yi mata alkawarin abin da ta haifa nawa ne, sai na manta." Ta fashe da kuka. "Jeki gida, 'yata. Gobe iyayen Labaran maza na tafe neman aurenki."

Shigar da ta girmama mutanen da za ka yi wa aiki ba ta rage maka ilimi, mai haƙuri kuma ba ya taɓewa. Salamatu ta kama hanyar gida tana kasa kunne. Har ta kai zaure, takunta kaɗai take ji, sai a lokacin kewar uwarta ta kama ta.