Wanda Ya Amsa a Fourvière

Magariba ta kawo jiki a Vaulx-en-Velin, a gefen birnin Lyon, Rékia tana tsame shinkafa, sai dutsen farko ya bugi tagar falo. A hawa na bakwai suke zaune. Babu hannun yaron unguwa da zai kai jifa nan.

Ta leƙa ƙasa. Filin ajiye motoci shiru, fitilu sun fara kamawa ɗaya bayan ɗaya. Tana juyowa wani dutsen ya faɗo tsakiyar tabarma, alhali tagar a rufe take. Tsohon dutse ne, fari-fari, da sanyi kamar daga rijiya aka ciro shi. 'Yarta Sabuwa, mai shekara goma sha uku, tana zaune a kusurwa da littafi buɗe a cinya, amma bango take kallo.

Tun shekarar 1983 Rékia ta cire 'ya'yanta daga lakwal, bayan ta gane a bayan aji ake ajiye Sabuwa ba mai tambayarta komai. Ta koma koya musu a gida, ita da maƙwabciyarta Huseina. Ranar Laraba sukan ɗaure burodi da dafaffen ƙwai, su bi bas da metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, su kai yaran wuraren tarihin da ba a biyan kuɗin shiga. Mijinta Moutari, mai fataucin atamfa tsakanin Paris da Maraɗi, bai taɓa son abin ba. Yawon kangaye yake ce masa.

Larabar da ta wuce tsohon dandalin wasan kwaikwayo na Romawa suka je, a kan tudun Fourvière. Sun makara, rana ta yi ja. Rékia ta zaunar da yaran a matakalan dutse, ta ce musu masu wurin duk sun mutu, babu kowa. Don ta nuna musu yadda magina suka sa murya take hawa har sama, ta tura Sabuwa tsakiyar dandalin ta ce ta yi magana da ƙarfi. Yarinyar ta ɗaga murya ta ce, "Akwai kowa a nan?" Yara suka yi dariya, aka tattara aka dawo.

Daga ranar jifan, gidan bai sake zama daidai ba. Kullum rana ta faɗi duwatsu su fara zuba. Ana jin tafi a cikin bango, kamar na taron jama'a daga nesa. Sabuwa ta daina ci, ta daina amsa sunanta. Mai gadin bene ya hau ya buga ƙofa, ya ce in ba su hana 'ya'yansu ɓarna ba zai kai ƙara a tashe su. Huseina ta janye yaranta, ko gaisuwa a matakala ta daina tsayawa yi.

Moutari ya dawo daga tafiya ya tarar da haka. Bai tambayi jikin yarinyar ba sai da ya gama faɗa.

"Ga karatun naki nan. Kin kwashi ɗiyan mutane kina shiga da su kufai."

Ya buga waya unguwar Château Rouge ta Paris, aka nemo Malam Chaibou, wani dattijo mutumin Damagaram da ya san aikin ruƙiyya. Washegari ya shigo jirgin ƙasa, ya iso bayan la'asar.

Malam ya sa aka shimfiɗa Sabuwa, Rékia ta riƙe kafaɗunta. Ya fara karatu a hankali, ba ya ɗaga murya. Ɗakin ya yi sanyi. Can jikin yarinyar ya sanƙare, ta buɗe baki, wata murya mai kauri ta fito, muryar da ba ta taɓa zama a ƙirjin yarinya ba.

"Ka daina. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Mai gidan da suka shiga ba sallama. Ina nan aka aza dutsen farko, ina nan masu tafi suka ƙare. Wannan matar ta tsaya a tsakar gidana ta ce babu kowa. 'Yarta ta tambaya, na amsa, suka juya mini baya suna dariya."

Idanun Sabuwa suka juyo kan uwarta. Rékia ba ta saki kafaɗun ba.

"Ba su san da kai ba," Malam ya ce. "Jahilci ba izini ba ne gare ka. Fita."

"A bar mini ita. Muryarta ta cika dandalin."

"Ba za a bar maka ba."

"To a zuba mini jini a kan matakala."

"Ko ɗigo."

Malam ya ci gaba da karatu. Yarinyar ta yi ta murɗewa, duwatsu suna gangarowa daga saman kabad, har muryar ta koma gurnani.

"Zan fita. Amma matar nan kada ta sake kai yara kango, ko nawa ko na wani."

"Mun yarda," Moutari ya yi maza ya ce.

"Ban yarda ba," in ji Rékia. Sai ta ce wa mai muryar: "Gidanka na ɓata maka, ka yi haƙuri, ba zan sake taka shi ba. Sauran wuraren ba naka ba ne."

Malam bai dubi Moutari ba, ya ce wa mai muryar:

"Ka ji abin da ta ce. Haƙƙinka ke nan, ba ƙari. Ka rantse da wanda ya halicce ka ba za ka dawo ba."

Muryar ta rantse, tana ja kamar ana fizgar kowace kalma. Sabuwa ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, ta fashe da kuka da muryarta ta kanta. Rékia ta rungume ta, ta ji zufa mai ɗumi a wuyan yarinyar.

Da safe Moutari ya raka Malam tasha. Da ya dawo ya tarar Sabuwa tana shan kunu, Rékia kuma ta baza taswirar Lyon a kan tebur, tana bin layin bas da ɗan yatsa.

"Ashe ba ki ji a jikinki ba," ya ce. "Litinin lakwal za su koma. Yawon nan ya ƙare."

Rékia ta ɗago ta dube shi.

"Maigida, aljanin ma wuri guda ya hana ni."