Tsakuwar da ta toshe wa Auta hanyar yawu

Baki buɗe Auta ta fara ganinsa, tana kwance a ɗakin ɗaukar hoto na asibiti. Ni mahaifiyarta ina bakin ƙofa riƙe da takalmanta.

Ta daɗe tana fama. Da ta kai loma baki, sai ƙasan muƙamuƙinta ya kumbura kamar ƙwai. Likita ya ce wataƙila tsakuwa ce ta toshe hanyar yawu, a je a duba.

Saurayin da ke ɗaukar hoton ya ɗiga mata lemon tsami a harshe, ta yamutsa fuska.

"Yi haƙuri ƙanwata, so nake yawu ya nuna mini ƙofarsa," in ji shi. Ya zura siririyar roba ƙarƙashin harshenta, ya tura wani ruwa da ke sa hanyar ta fito a hoto. "Ki ce wani abu mana. Au, na manta, yau ni kaɗai ke da baki."

Dariya ta kama ta, hoton ya lalace, sai da aka sake.

Ya nuna mana hanyoyin sun fito kamar rassan bishiya, ga tsakuwar nan kamar ƙwayar shinkafa. Bayan an cire ta, Auta ta koma yi masa godiya, ta dawo da lambarsa.

Daga nan waya ba ta huta ba. Har karanta mini take yi.

"Autar Mama, kin ci abinci? Babu kumburi?"

"Babu, Likitana."

"Ni ba likita ba ne."

"Nawa ne dai, ni na naɗa ka."

Amma akwai ɗan abokin babanta, mai shagon taya, da ya daɗe yana sonta. Shi ya gaya wa babanta wai hasken na'urar hoto yana hana namiji haihuwa. Babanta ya kira mai ɗaukar hoton ya ce kada ya ƙara nemanta.

Auta ba ta sani ba. Ta ga shiru, ta ɗauka ya samu wata. Cikin kuka ta rubuta masa, "Da ka gaya mini ka gaji."

Ya amsa, "Sanyin idona, umarnin Baba nake bi. Ki roƙe shi ya zo ya ga inda nake aiki. In bai gamsu ba, na haƙura."

Da ƙyar na lallashi babanta ya tafi. Muna tsakar gida, Auta ta kasa zama, sai ga shi ya shigo yana dariya.

"Ke, riga ya sa mini mai nauyin buhun siminti! Wai ita ke tare hasken. Shi kuma bayan bango yake tsayawa. Na ga maigidansa, ya tsufa a aikin, hotunan 'ya'yansa cike da wayarsa, yana ta nuna mini sai da na ce ya isa haka!"

"To Baba?" in ji Auta.

"To me? Ya turo iyayensa mana."

Ta buga tsalle har ta kifar da bokitin ruwa.

Da bakinsa babanta ya ba da ita ranar ɗaurin aure. Ya dafa kansu ya ce, "Allah ya cika muku gida." Allah ya amsa, sai dai bai jira ya gani ba. Ya Allah ka jiƙan maigidana, su kuma ka bar su tare.