Aljanar Aljihun Tebur

Ranar da Auta ta koma ofis bayan shekara uku tana aiki daga gida, sai dab da magariba ta dawo, ƙafafu a kumbure. Inna na zaune a baranda gaban keken ɗinkinta. Da wannan keken ta ɗauki nauyin karatun Auta tun da mijinta ya rasu, har idonta ya fara gajiya, kuma ba ta taɓa miƙa wa dangin miji hannu ba.

"Sannu da dawowa, ma'aikaciya. Ya ofis?"

"Inna, bari kawai. Awa biyu a hanya don in je in zauna gaban irin kwamfutar da na bari a ɗaki. Rabinmu murna suke wai sun huta da kukan yara, rabinmu kamar an kai mu zaman makoki."

Ba ta rufe baki ba dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Na biyu ya biyo baya, ya gangaro a hankali har bakin indararo ya tsaya. Na uku ba dutse ba ne. Ƙarfen huda takarda ne irin na ofis, ya faɗo tsakar gida da zafinsa kamar daga wuta aka ciro shi.

Duhu na sauka, unguwa ta yi tsit, sai suka ji daga ɗakin Auta ana jan aljihun tebur ana rufewa, ana ja ana rufewa. Teburin ɗakin kuwa ba shi da aljihu.

Haka aka yi mako biyu. Duk ranar da Auta ta je aiki, da magariba jifa zai fara, wata murya ta riƙa lallashin jariri a bayan labule. Asabar da Lahadi ko tsakuwa ba ta faɗowa. Inna ta ce ta zauna a gida. Auta ta karanta mata saƙon manaja: duk wanda bai zo kwana biyar a mako ba, ya ajiye aikin. Aikin nan kuwa shi ne ke riƙe da gidan.

Ranar Juma'a ta biyu, Auta na shigowa ta yanke jiki ta faɗi. Hannunta na dama ya ƙandare a ƙirji. Ta buɗe ido ta dubi uwarta kamar ba ta taɓa ganinta ba.

Washegari bayan la'asar Malam ya zo, wani dattijo mai ruƙiyya da ba ya son yawan magana. Ya zauna a kanta ya daɗe yana karatu, har inuwar katanga ta rufe tsakar gida. Sai bakin Auta ya motsa, wata murya ta fito, ta mace, a dushe.

"Ya isa, Malam. Ga ni."

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Da ma'aikata suka watse suka bar ginin ofis ɗin, ni na shiga. Shekara uku ba takun takalmi, ba mai tari. A aljihun ƙasa na teburinta na haihu. Ta zo da safe, ko sallama babu, ta fizgo shi, ta zazzage a kwandon shara, ta fesa maganin ƙwari, ta mayar da shi da ƙafa. Hannun ɗana ta datse. Ko ta bar ofis ɗin har abada, ko in zauna a jikinta har abada."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Auta ta riƙa murɗewa, muryar ta ce, "Ƙone ni, Malam! Amma da hannunta zan tafi."

Inna ta gyara ɗaurin zane ta matso. "Malam, ɗan dakata. Wannan ciniki ne, ka bar ni da ita." Ta zauna dab da fuskar 'yarta. "Ke baiwar Allah, kwana nawa kike so a bar miki?"

"Duka biyar."

"Albarka."

"Huɗu."

"Albarka. Ko rabin yini ba zan ba ki ba. Kin san allura nawa na karya kafin yarinyar nan ta samu teburin? Kuma ke ko kunya ba ki ji, a kan aljihun tebur kike wannan haukar? Wurin da ko mage ba za ta miƙe ƙafa ba?"

"Tsohuwa, ki iya bakinki."

"Tsohuwa tana gidanku. Wa ya ce su dawo?"

"Manaja."

"Shi yana zuwa?"

Muryar ta ce, "Sau ɗaya a wata. Daga gidansa yake yi musu magana ta kwamfuta."

"Ɗakinsa fa?"

"Yana saman bene a kulle. Da kafet, da na'urar sanyi, da doguwar kujera."

"To kin ji. Kina jego kin cusa ɗanki a aljihu, ga ɗaki guda babu kowa."

Malam ya ce, "Inna, ba a tura wa wani cuta."

"Ban tura ba, Malam. Ɗaki na nuna wa mai jego."

Muryar ta ce, "Hannun ɗana fa? A kan wa zan rama?"

Inna ta ce, "Ita 'yar aike ce. Ki nemi wanda ya aiko ta."

Sai wata dariya ta fito daga bakin Auta, siririya.

"Na yarda. Amma kada a ƙara buɗe aljihun nan."

"Na ƙasa kawai," in ji Inna. "Na sama namu ne."

Malam ya sa aljanar ta rantse sau uku ba za ta dawo ba. Auta ta yi ajiyar zuciya, yatsunta suka saki ɗaya bayan ɗaya, ta ce a ba ta ruwa.

Ranar Litinin ta je aiki ta dawo, kwano bai yi ƙara ba. Ƙarshen wata manaja ya zo, ya hau bene, ya rufo ƙofa. Waɗanda ke ƙasa sun ji ana jan kujera daga wannan bango zuwa wancan. Ba a jima ba ya sauko yana gumi, ya tallabe hannun dama da na hagu, bai gaida kowa ba. Washegari saƙo ya fito da kurakuran rubutu birjik: wanda ya ga dama ya yi aikinsa daga gida.

Auta ta karanta wa Inna tana tsalle. Inna ba ta ɗago daga ɗinkinta ba.

"Ke dai za ki riƙa leƙawa kwana biyu a mako. Teburin da na yi ciniki a kansa ba za a bar shi wata ta tare ba."