Layukan da Mudassir Ya Share

Rana ta kusa faɗuwa a Ƙofar Marusa, Mudassir na zaune a tsakar gida da kwamfuta bisa cinya. Wani kantin magani ne ya ba shi tsohuwar manhajarsu ya kimtsa: ya gyara sunaye, ya haɗe abin da ya maimaitu, amma kada aikinta ya canza. Edita, wato manhajar da yake rubutun a ciki, ita ke ɗauke masa rabin wahalar. Can ƙasa ta nuna masa wasu layukan rubutun a dusashe, alamar babu inda ake kiransu a yi aiki da su. Wanda ya rubuta su ya daɗe da rasuwa. Mudassir ya danna, suka ɓace. Ya adana, ya rufe.

Ana kiran magariba dutse ya faɗo bisa kwanon ɗaki. Wani dutsen ya biyo baya. Aka leƙa lungu, ba kowa.

Haka aka yi ta yi kullum. Rashida, ƙaramar ɗiyarsa, ta daina cin abinci, sai ta zauna ta fuskanci bango. Ran da ta yi dariya da muryar tsoho, uwarta Baraka ta ce a kira Malam Salihu.

Malam ya zauna, ya fara karatu. Yarinyar ta sandare.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Tambayi ubanta," muryar ta amsa. "Kufai na samu, ba mai shiga, ba mai kira. Na zauna da iyalina. Ya rushe mana shi da yatsa guda."

"Bai sani ba. Ka ji tsoron Allah ka fita."

"Ya maido mani ɗakina."

Mudassir ya buɗe kwamfutar. Ya nemi maido layukan da ya share, edita ta riga ta manta, kwafi kuwa bai ajiye ba. Ya rubuta abin da ya tuna. Layi ɗaya ya ƙi zuwa masa.

"Da saura," in ji muryar. Malam ya ƙara ɗaga karatu. "Bari, kana ƙona ni! Na fita. Amma yadda ya rage mani, zan rage mashi."

Rashida ta yi atishawa, ta zube.

Da ta farfaɗo ta rungume uwarta, ta gaida Malam da sunansa. Mudassir ya miƙo hannu, ta noƙe bayan zanen Baraka.

Yanzu ta girma, lafiyarta ƙalau. Duk yamma in ubanta ya shigo gida sai ta durƙusa da ladabi ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Wa kake nema?"