Amarya a Ƙofar Gidan Yari

Ranar da Turai ta fara ganin Lukuman, kansa na cikin baƙin ƙyalle, don haka ƙafafunsa ta fara gani, kuma ba su burge ta ba. Kakarta Hajja ce ta ja ta zuwa rumfar mai hoto a bakin kasuwar Kontagora, wai a ɗauke ta kafin sauran haƙoranta su yi mata sallama.

"Hajja, a ɗan yi murmushi," in ji murya daga cikin ƙyallen.

"Da me zan yi shi? Ka ce wa wannan ta bayana, ita ce mai cikakken baki."

Ya fito da kai don ya ga ta bayan. Hoton Hajja dai bai yi kyau ba ranar, rabin ɗankwalinta ya yanke, sai da aka sake zama.

Daga nan Hajja ta zama 'yar aike, ita da ko jikokinta ba sa aikuwa a hannunta. Lukuman yakan ɗauki hoton ɗan wani abu, ya yi rubutu a bayansa. Na farko hoton kujerar rumfarsa ne babu kowa a kai.

"Fitilata, tun da kika tashi daga wajen nan, duk wanda ya zauna sai in ga ya yi duhu."

Turai ta mayar da amsa a bakin Hajja: "Ki ce wa Mai Akwati ya goge madubin akwatin hotonsa."

Amma hoton a ƙarƙashin matashinta ya kwana.

Mahaifinta, Malam Mailafiya, dillalin dawa ne mai sayowa daga Rijau, kuma bai ɗauki hoto a bakin sana'a ba. "Wanda ke ci da inuwar mutane," in ji shi, "ranar da aka yi hadari me zai ci?" Shi Khalilu yake so, magatakardan kotu, yaro mai albashi da kunya. Sai dai Hajja uwar Malam Mailafiya ce, kuma ta iya naci. Bayan an sha fama ya sakko, aka sa rana bayan kaka. Da yake Lukuman maraya ne, ya tafi Bobi ya roƙi kawunsa Jumare, mai kiwon shanu, ya zama wakilinsa ranar ɗaurin aure, a gaban shaidu.

Lokacin yaƙin basasa ne, amma a Kontagora yaƙi a rediyo yake. Zancen gari shi ne madatsar ruwa ta Kainji. Wata la'asar suna zance a ƙofar gida Turai ta ce, "Wai da gaske an ɗaure kogin Kwara kamar akuya? Ni kam ina son in gani."

"Ba sai kin je ba, Fitilata. Zan kawo miki ita har gida, ki rataye a ɗakinki na amarci."

Da ta san abin da bakinta ya jawo, da ta haɗiye maganar. Lukuman ya tafi da akwatinsa, ya kafa shi a kan tudu yana fuskantar madatsar, ya sa kansa cikin ƙyallen. Direban motar da ta kai shi ne ya dawo da labari: masu kaki sun fito da shi daga ƙyallen, sun jefa shi mota, shi da akwatin.

Malam Mailafiya, duk da bai so yaron ba, shi ya fara kiran Khalilu zaure. Turai na bayan ƙofa tana ji.

"Yaushe za a kai shi gaban alƙali?"

"Baba, ba za a kai shi ba. Dokar soja ce ta tsaron ƙasa. In an sa hannu a tsare mutum, an hana kowace kotu tambaya."

"Ko ɓarawon akuya ana gaya masa laifinsa, ya yi rantsuwa!"

"Haka ne. Su kuma suna cewa yaƙi ake yi. In abokan gaba suka sami hoton madatsar suka fasa ta, ƙauyuka nawa ruwa zai ci? Gara a tsare mutum ɗaya bisa kuskure, in ji su."

"Kai kuma me ka ce?"

Khalilu ya amsa, "Na ce kuskuren da ba a yarda a duba shi ba, ba ranar gyara shi."

Kaka ta zo ta wuce. Mutanen da Lukuman ya ɗauka hoto suka riƙa sauke hotunansu daga bango, kada a ce sun san ɗan leƙen asiri. Jumare ya sayar da bijimi ya ɗauki lauya, lauya ya dawo da maganar Khalilu cikin Turanci. Yaƙi ya ƙare, aka yi ta murna a rediyo, amma dokar ba ta ƙare ba. Turai ta rame. Abin da ke cin ta ba jira ba ne kaɗai, ita ce ta aike shi, kuma ko haƙuri ba ta sami damar ba shi ba.

Khalilu ya dawo neman aurenta, da ladabi. Ta ce masa, "Malam Khalilu, ka gaya mini gaskiya. Babu wanda ake bari ya gan shi?"

Ya san abin da amsar za ta jawo masa, amma bai iya ƙarya ba. "Na gano inda yake. Uwa ko mata kaɗai ake bari."

Lukuman ba shi da uwa.

"Aure da wanda ba a san ranar fitowarsa ba?" in ji Malam Mailafiya da ta durƙusa gabansa. "Ke ba budurwa ba, ba matar gida ba, ba bazawara ba? Wataƙila ki yi furfura kina jira."

"Na sani, Baba. Amma yau duk duniya babu mai ikon zuwa ya ce masa sannu. Ni na jefa shi, ka bar ni in zama wadda za ta je."

Aka tambayi liman. Ya ce wakilcin da Lukuman ya ba kawunsa yana nan, tunda bai janye ba, kuma shari'a ba ta ce dole ango ya halarta ba. Aka ɗaura aure wata Juma'a, ba kiɗa ba guɗa. Jumare ya karɓa wa ɗansa mata yana share ido da bakin rawani. Khalilu na cikin shaidu.

Washegari Hajja ta raka amarya, ba ɗakin miji ba, tashar mota. Suka yini a bayan babbar mota, lalle bai gama kamawa a hannun Turai ba. A ƙofar gidan yarin wani tsohon gandiroba ya duba takardar auren, ya dube ta, ya ce ta shigo ita kaɗai.

Da aka fito da shi bayan ƙarafa, ba ta gane shi ba sai da ya yi magana.

"Fitilata? Yaya aka yi suka bar ki?"

Ta ɗaga hannuwanta kawai ya ga lallen. Gandiroban ne ya ce, "Matarka ce, yaro. Jiya aka ɗaura."

Lukuman ya jingina goshi da ƙarfe. "Kin cuci kanki, Turai. Ban san ranar fita ba. Su ma masu tsare ni ba su sani ba." Ya yi ƙoƙarin dariya. "Ga amarya ta ƙi magana, ni kuwa ba ni da abin sayen baki."

"Ka yafe mini, shi ne kuɗin."

"Ban taɓa riƙe ki ba, ko sau ɗaya."

Ta zura yatsunta ta tsakanin ƙarafan, ya riƙe. Gandiroban ya juya baya ya daɗe yana gyaran makullansa, har lokaci ya wuce. Da ya juyo sai ya ɗaga hannu, kamar yadda ake yi wa kowane ango da amarya.

"Allah ya sanya alheri. Allah ya ba da zaman lafiya. Allah ya kawo..." Ya dubi ƙarafan da ke tsakaninsu.

"Ƙarasa, Baba," in ji Turai. "Ba a yi mana a gida ba."

"Allah ya kawo ƙazantar ɗaki," in ji tsohon.

Suka ce amin tare, sannan aka mayar da ango ciki.